Kazar Mista Lin

Basira ɗiyata,

Na fita kina barci, motar yashi na jirana. Jiya Mista Lin, ɗan Cainan da ke sayen yashina, ya sake haɗo ni da abincinsu a roba, soyayyar kaza cikin jar miya mai zaƙi. Kafin in bar Dirin Daji na cinye. Yau na auna suga, ya kusa inda likita ya ce zai kwantar da ni.

Ƙin karɓa cin fuska ne, ni kuma ba na jin yarensu. Lambar kukunsu na bayan takardar ga. Ki tura mai saƙo da Turanci kafin azahar, ya riƙa dafa mani wannan maimakon kazar: kifi dafaffe da tururi, ganye, farar shinkafa kaɗan, ban da mai da zaƙi.

Ki taimake ni. In suka sake miƙo kazar nan, wallahi ci zan yi.

Babanki