Dirkokin da Ka Kafa wa Musbahu

Fatakwal, ranar Talata.

Zuwa ga yayana Tsoho,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata takardar nan za ta iske ka lafiya, kai da iyali da duk mutanen gida. Allah ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana, ya sauƙaƙa mata ciwon idon nan da aka ce ya sake tashi. Na ji an gama yankan gero, dawa ma ta kusa. Allah ya sa albarka, ya ba mu zaman lafiya a Adabka da kewaye. Ni ma nan lafiya lau, sai gajiya. Ina nan bakin ƙofar da ka sani, in buɗe wa mota in rufe, tun safe har la'asar. Ruwan garin nan ba ya ɗaukewa, kuma duk sanda hadari ya haɗu gwiwar nan tawa ta dama sai ta riga kowa sani.

Yaya, da farko ka yi mini gafara. Ranar Juma'a da ka kira ni na kashe waya kana cikin magana, abin da ban taɓa yi maka ba. Ka ce makarantar su Musbahu a Gummi na son sa hannun uba kafin a tafi da shi Gusau, su yi sati biyu ana horar da su gudun tsallake shinge, sannan a yi gasar makarantu. Ka ce Malam Tasi'u ne zai kai su, kuma shi ya zaɓi yaron da kansa. Na ce maka ban yarda ba, hanya ba lafiya. To maganar hanya gaskiya ce, babu uban da ba ya tunaninta yanzu. Amma kai ma ka ba ni amsa, ka ce da rana za a tafi, tare da motocin wasu makarantu, kuma kowane mako mutanenmu na bin ta zuwa kasuwa. Ba hanya ce ta sa na kashe waya ba. Sunan Tasi'u ne. Daga Asabar zuwa yau na kira ka ya fi sau goma layin bai shiga ba, na tura saƙo ban ga alamar ya isa ba, shi ya sa na zauna na rubuta. Kamaluddeen direban motar shanu zai tashi gobe da safe, ya ce zai bar maka ita a hannun mai shayin tashar Bukkuyum.

Bari in faɗa maka abin da ke cina, ko da ba zai yi daɗin ji ba. Shekara bakwai ke nan ina garin nan, sai Sallah babba nake ganin gida. Yaron nan da na bari yana bin uwarsa Habsu yana riƙe mata zane, yau in na kira shi ba ma yin minti biyu sai na ji Malam Tasi'u ya ce. Malam Tasi'u ya ce ya rage shan lemon kwalba. Malam Tasi'u ya ce ya riƙa miƙa ƙafa kafin gudu. Malam Tasi'u ya ce yana da tsawon ƙafar da ake nema. Rannan na tambaye shi ko ya san ni ma na taɓa yin gudun nan, sai ya yi dariya, irin dariyar da yaro ke yi in babba ya yi masa wasa. Bai yi don raini ba, na sani. Me zai gani? Mutum mai ɗingishi da ke zuwa da tsarabar sabulu sau ɗaya a shekara. Amma wallahi Yaya dariyar nan ta kwana uku a ƙirjina. Tasi'un nan aji ɗaya muka yi da shi. Wani ɗan bautar ƙasa ne ya kawo mana wasan a makaranta, da shingayen ƙarfe guda huɗu kacal, kuma tun daga ranar farko har ranar da na bari Tasi'u bai taɓa ganin komai nawa ba sai baya. Ka tambaye shi, in yana da gaskiya zai faɗa maka. Yau shi ne malami mai usur a wuya, ɗana na kallonsa kamar wani abu, ni kuwa ina buɗe wa 'ya'yan wasu ƙofa.

Duk da haka ba zan ci haƙƙinsa ba. Bidiyon nan da ka turo mini makon jiya, wanda Musbahu ke gudu a gonar bayan gida, na kalle shi har wayata ta mutu na sake caji. Na shiga kallon ne ina neman kuskure, in ce ga abin da Tasi'u ya kasa koya masa. Ban samu ba. Kai da ba ka san wasan ba za ka ɗauka tsalle ake yi, to ba tsalle ba ne. Wanda ya yi tsalle sama ya ɓata lokaci a iska. Taki ne mai tsawo, mutum ya miƙa ƙafar gaba, ya kwantar da ƙirji, ya jawo ta baya a kaikaice kamar mai hawa jaki, ya dira yana gudu. Tsakanin shinge da shinge taku uku ne, ba huɗu ba, ba biyar ba, kuma sai jiki ya haddace su har mutum ya daina ƙirgawa. Ni sai da na yi wata huɗu kafin na samu taku ukun nan. Musbahu ya same su. Ba ya kallon shingen da ke gabansa, na gaba yake kallo, kuma wannan ba a haihuwar mutum da shi, koya masa aka yi. Abu ɗaya ne na gani da ba na Tasi'u ba: da ƙafar hagu yake shiga, kamar ni. Tasi'u da dama yake shiga. Da ya so da ya juya yaron ya koma irinsa, amma ya bar shi yadda Allah ya yi shi. Na yaba masa a kan wannan, ko da yake da ƙyar yabon ya fito.

To ga abin da ya sa nake ta neman layinka. Ranar Asabar da na huce na sake buɗe bidiyon, sai idona ya bar yaron ya sauka a kan shingayen. A nan na tuna maganar da ka yi mini a waya, wadda fushi ya hana ni ji. Ka ce da aka ba su hutu yaron ya rasa abin tsallakewa, ya jera kara iska na kwashewa, sai ka ga abin kunya ne a gidanka, ka sari dirkoki ka haƙa rami ka kafa su har gwiwar hannu, ka daddaɓe, ka ɗaure sandar sama da igiyar rama. Har ka ce ko bijimin Modibbo ya zo ya yi susa a jikinsu ba za su motsa ba. Yaya, na san da ƙauna ka yi, kuma duk Adabka babu wanda ya kai ka iya danga. Amma shingen gudu ba danga ba ne. Danga ana yin ta don ta tsaya, shi kuwa ana yin shi don ya faɗi. Na ƙarfen da ke makaranta ƙafafunsa na fuskantar mai gudu ne, da an taɓa shi sai ya kife gaba, mutum ya wuce da ɗan ƙurji. Mai koyo dole ya buge, yau ko gobe, musamman in ya gaji. In shingen bai faɗi ba, ƙafar yaron ce za ta karye. Tasi'u bai ga waɗannan ba, yana Gummi, da ya gani da tuni ya yi magana.

Na san wannan ne don ni ma na taɓa kafa irinsu. Shekara ashirin da ɗaya ke nan ku duka kuna cewa Halilu rami ya faɗa a hanyar fadama. Ban faɗa rami ba. Kai lokacin kana cirani a Ibadan. An zaɓe ni zuwa Gusau, ni kaɗai daga makarantarmu, aka ba mu hutu kafin tafiya. Marigayi Baba ya ce ba ya son ganin wannan tsalle-tsallen a gidansa, sai na tafi can bayan tsohuwar gonar gyaɗa inda ba mai gani. Ni ma da kara na fara, iska na zubarwa, na ji haushi na sari itace na kafa, na ɗaure tamau, na tsaya ina kallon aikina ina jin daɗi. Ɗan bautar ƙasar nan bai taɓa gaya mana dalilin da ya sa na ƙarfen ke faɗuwa ba, mu kuwa muna ganin rashin ƙwari ne na kayan gwamnati. Rana ta uku, a shinge na huɗu, ƙafar baya ta kama. Na ji ƙarar gwiwata da kunnena. Kafin in ja jiki in nemi mutane sai da na rarrafa nesa da wurin don kada a gani, bayan sati kuma na roƙi wani abokina ya tuge su. Mai ɗori na Anka ya yi iya ƙoƙarinsa, ka ga dai yadda ta warke. Tasi'u aka tura a madadina, ya zo na uku, daga nan hanyar kwaleji ta buɗe masa.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. Ka tuna yadda aka riƙa raɗe-raɗi cewa mutanen gidan su Tasi'u ne suka yi mini asiri don ɗansu ya samu tafiya. Ban taɓa faɗin haka da bakina ba, amma ban taɓa ƙaryatawa ba. In an faɗa a gabana sai in sunkuyar da kai, kuma in gaya maka gaskiya daɗi nake ji. Ya fi mini sauƙi a ce an cuce ni da a ce da hannuna na haƙa ramin. Har yau Inna ba ta amsa gaisuwar Amariya, mahaifiyar Tasi'u, in sun haɗu a gidan suna. Ina roƙonka ka zaunar da Inna ka karanta mata wannan wurin, a hankali, kada ka tsallake komai. Za ta yi kuka, za ta yi mini faɗa, na cancanta. Tasi'u bai yi mini komai ba sai tafiyar da aka ce ya yi. Da ya zo duba ni a lokacin ma juya fuska na yi bango.

Saboda haka ga abin da nake so. Da takardar nan ta shiga hannunka, kafin ka sha ruwa, ka je ka tuge dirkokin nan duka, ka cike ramukan da kyau don kada ƙafa ta shiga. In yaron na son abin tsallakewa, a samo bokitan roba ko tsofaffin galan a jera biyu-biyu, a ɗora kara a kai ba ɗauri. In iska ta zubar ya ɗauka ya mayar, ba abin kunya ba ne. In mutane sun wuce suna dariya suna cewa Tsoho ya manta yadda ake danga, ka bar su su yi. Maganar Gusau kuma na yarda. Ga wata takarda daban a cikin ambulan ɗin, na rubuta amincewata na sa hannu, ka kai wa shugaban makaranta. Ba zan ce maka zuciyata ta yi fari tas ba. In ya ci gasa Tasi'u zai fara runguma, ni sai dai in gani a waya ina zaune a kan benci, kuma na san ranar abinci ba zai shiga ba. Amma ƙafata ɗaya ta riga ta tafi a kan wannan wasa, ba zan hana yaro tafiya da nasa biyu don ina jin haushin wani ba. Ka ce wa Tasi'u na gaishe shi, na gode, kuma in na zo Sallah akwai maganar da zan yi masa baki da baki.

Ka gaishe mini da Inna da kyau, da matarka Zulai, da Hajara da mijinta a Bagega. Ka gaishe da Habsu, ka ce mata ta yi haƙuri da ni, ita ma labarin ramin na ba ta. 'Yata Muhsina ta dage da karatu, na ji an ce ta iya karanta wasiƙa yanzu, to wannan dai ba tata ba ce. A gaishe da Modibbo da mutanen ruga.

Saura abu ɗaya, kuma na san ƙarami ne ga mutum mai shekaruna. In Musbahu ya dawo ya tarar an tuge shingayensa, zai tambayi wa ya ce. Don Allah kada ka bar shi ya ɗauka Malam Tasi'u ne. Ka gaya masa ubansa ne ya gani tun daga Fatakwal, kuma ka gaya masa ƙafar hagun nan da yake shiga da ita, a wurina ya gado ta.

Wassalam. Ni ne ƙanenka,
Halilu