Gautana Yana Warin Bilic

Baban Blessing,

Na tafi aikin safe a asibiti, ban tashe ka ba. In ka tashi ka leƙa bayan ɗaki ka ga gautan da na shuka a buhuna. Buhu uku sun yi yaushi, ganyen duk ya ƙone. Kada ka ce min zafin bazara ne, yakuwar da ke gefensu lafiyarta ƙalau. Na ɗebi ƙasar na shinshina, warin bilic na wanki take yi.

Tun da rijiyarmu ta ja baya muka yi magana. Ruwan wankin shinkafa da kayan miya na shuka ne, ruwan wankin kaya kuwa kwata za a zubar. Ni jiya ban yi wanki ba, Blessing kuma tana Daurawa wurin Anti Lami. Sai ga fararen rigunanka na coci a kan igiya suna ta ƙyalli. Ban dai ce kai ne ba.

Irin nan Mama ce ta ƙulle min shi a ƙyalle daga Kagoro kafin ta rasu, kuma babu saura. Buhu biyu suka rage, ga damina bana ta ƙi zuwa.

Kada ka ba su ruwa, ko da kana ganin taimako ne. Zan dawo ƙarfe uku. Abincinka na cikin kula.

In biyun nan suka mutu, ka sani ba gauta kaɗai ka kashe min ba.

Lydia