Hoton Ƙwaryar Inna Da Na Tura

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da duk masu karantawa. Don girman Allah a ɓoye sunana da lambata. Kuma ina roƙonku, kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe, don ba abin da za ku kira ni da shi wanda ban riga na kira kaina da shi ba. Karatuna bai wuce firamare ba, in kun ga kuskure a rubutun ku yi haƙuri. Shawara nake nema, kuma da gaggawa, domin ranar kasuwa mai zuwa komai zai fito.

Ni matar aure ce a Malbaza, maigidana direban motar siminti ne, muna da yara. Tun ina ƙarama ni mai yawan tsoro ce. Nakan sake alwala don ina shakkar ban wanke gwiwar hannu ba, nakan koma in duba murhu ko na kashe wuta alhali na san na kashe. Bara maigidana ya sayo mini babbar waya daga Konni, bayan nan kuma ya kawo firigo, wato firij. Na yi murna, na ce wahala ta ragu. Amma wayar nan sai ta ƙara mini tsoro a kan tsoro. Kullum da abin da za a turo a guruf: kar a ci wannan, kar a sha wancan, an zuba guba a kaza. Ni kuma duk wanda na gani sai na tura gaba, don ina jin in na riƙe wani ya cutu, alhakinsa na wuyana.

Akwai wata dattijuwa Bafillata da ke kawo mana nono daga rugarsu, bari in kira ta Inna Dije, ba sunanta ba ke nan. Tun kafin a kawo ni gidan nan take shigowa. Mijinta ne ke kiwon 'yan shanun surukina, kuma bayan girbi a gonarmu suke sauka shanu su zuba taki. In ta shigo takan ce, "Ina 'yar Haɓen nan mai wanke ludayi sau bakwai?" Ni kuma in ce, "Ga ni, Inna, yau ruwan rijiya nawa kika ƙara?" Sai ta ce, "Ruwan da na ƙara bai kai wanda ke cikin miyarki ba." Mu yi ta dariya. Lokacin da wayata take sabuwa ina ɗaukar hoton komai, har kaji. Ran nan na ce zan ɗauke ta, sai ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, "A'a, kar ki sa ni cikin wannan abin. Ɗauki ƙwaryar, ta hi ni kyau." Sai na ɗauki ƙwaryar a kan tabarmata, da faifanta da ludayinta. Ƙwarya ce babba mai zane, ta gado daga uwarta, da ɗinki a gefe inda ta taɓa tsagewa.

Wata rana na sayi madara sabuwar tatsa a wurinta saboda ƙaramin ɗana. Da can nakan tafasa mu shanye a ranar. Amma ranar ina saurin zuwa suna a Konni, sai na ce ai ga firigo, na saka na tafi. Da na dawo da yamma na taɓa kwanon na ji sanyi ƙalau. Washegari na ba yaron. Kafin azahar ya fara amai da zawo, idonsa ya faɗa, wuyansa ya saki. Na goya shi na hau kabu-kabu zuwa likita, wato asibiti, ina kuka. Ina cikin layi, yaro a cinyata kamar tsumma, sai na tuna wani bidiyo da aka turo mana kwanaki, na wani hannu yana zuba farin gari cikin madara, ba a san ma wace ƙasa ba ce. Zuciyata ta ce shi ke nan, abin da aka yi mini ke nan. Na ɗauki waya na yi wa yayata da ke Konni saƙon murya. Na ce, "Yaya, madarar Fillanin nan ce ta kashe mini yaro, wani abu suke zubawa, na gani da idona." Wallahi ban ga komai da idona ba, bidiyon nake nufi. Sannan na tura mata hoton ƙwaryar, na ce ke kaɗai, kar ki nuna wa kowa. A raina na ce ai ba fuska a ciki, ban tona wa kowa asiri ba. Wace irin wauta ce wannan? A garin nan wa bai san ƙwaryar Inna Dije ba? Yaron da ke rarrafe ma in ya hango ta ya san mai ita.

Allah ya taimake ni aka ƙara wa yaron ruwa ya farfaɗo. Da lokotoro, wato dakta, ya tambaye ni madarar ta yaushe ce, na ce ta yau. Ban san me ya sa na faɗi haka ba, bakina ne ya riga ni. Da muka dawo gida na buɗe firigo zan ɗumama miyar da na ajiye, sai wari ya buge ni, ta lalace. Na leƙa ta katanga na tambayi maƙwabciyata, ta ce, "Ke ba ki sani ba? Ran da kika tahi suna tun hantsi aka ɗauke wutar kuran, sai la'asar sakaliya aka maido. Ni ƙanƙarata duk ta narke." Na zauna a ƙasa a wurin. Ashe madarar ta wuni cikin zafi a rufe, wuta ta dawo ta sake sanyaya ta, ni kuma na taɓa na ji sanyi na ɗura wa ɗana ba tafasawa. Ni ce. Ba Inna ba, ba shanunta ba. Ni da hannuna.

Nan take na kira Yaya na ce ta share. Ta ce, "Haba ke kuwa, mutum ɗaya tak na tura wa, ita ma don tana da goyo." Na ce, "Yaya, na ce miki ke kaɗai!" Ta ce, "To in yaran mutane suka mutu fa, wa zai ɗauki zunubin? Ba ke kike tura mana irin wannan kullum ba?" Kuma gaskiya ta faɗa. Ba a yi kwanaki ba sai ga abin ya dawo mini a wayata, ƙanwar mijina ta turo daga Illela, tana cewa in yi hattara. Amma ba yadda na tura shi ba. Wani ya haɗa hoton ƙwaryar da wancan bidiyon mai farin gari, an cire muryata an sa ta wani namiji mai kauri, yana maimaita maganata, har da "na gani da idona", ya ƙara da cewa yara sun mutu a Malbaza. Wane yaro ya mutu? Nawa ga shi yana wasa da murfin tukunya a gabana. Na yi ƙarfin hali na rubuta a guruf ɗin matan unguwa cewa wannan labari ba gaskiya ba ne. Wata ta ce, "Ke kina wurin?" Wata ta ce, "Nawa suka ba ki?" Ba wadda ta tura nawa gaba ko mutum ɗaya. Ban iya cewa ni ce tushen abin ba. Na goge hoton daga wayata, na goge saƙon, kamar hakan zai goge shi daga wayoyin duniya.

Daga nan aka daina saye a wurin Inna, har da sauran matan rugarsu. Su wuni a rana su koma da kayansu su zubar. Sai ranar wata kasuwa wasu samari suka kewaye ta suna nuna mata yatsa, suna cewa ga mai ƙwaryar nan. Ɗaya ya sa ƙafa ya ture, ƙwaryar ta faɗi ta rabu, nono ya malale cikin ƙasa. Ɗanta da ke kasuwar dabbobi ya ji, ya zo ya ɗaga sanda ya fasa wa saurayin goshi. Da kyar aka raba, saura kaɗan abin ya zama na Hausawa da Fulani. Yanzu Arɗonsu da maigari sun ce kar a kai wa jandarma tukuna, za a zauna ranar kasuwa mai zuwa a ƙofar maigari a bi diddigin maganar. Maigidana da ya dawo daga tafiya ya ji, ransa ya ɓaci, yana cin tuwo yana cewa, "Wanda ya fara wannan ƙarya, Allah ya isa tsakaninmu da shi. Mutanen da suka riƙe mana amana tun kakanni!" Ni ce na zuba masa ruwan wanke hannu. Kafin ya nemi in ce amin, na kwashe kwanukan na fita.

Abin da ya sa na kasa ci na kasa sha shi ne zuwan Inna shekaranjiya. Ta yi sallama a hankali, ba tsokana, ba 'yar Haɓe. A kanta wani tsohon bokitin roba ne na fenti. Inna Dije da bokitin fenti! Ta zauna a kan tabarmar nan dai, ta jawo ɗana ta duba idonsa ta ce, "Wannan ya rame. An ce mini bai ji daɗi ba, ban samu zuwa ba, ki gafarce ni." Ita ke neman gafarata. Ta ɗebo nono ta ce in dama masa fura, na miƙa kuɗi ta ture hannuna. Ta ce, "Ɗiyata, gidan ga kaɗai ya rage da nike shiga ba a kawar da kai ba. Abu guda na zo roƙo. Ran zaman nan ki zo ki tsaya kusa da ni, ki hwaɗa musu ɗiyanki da nonon shanuna suka girma. Ke suna jin maganarki, sun san ki da tsabta, sun san ba ki ƙarya." Na ce to, Inna. Me zan ce? Sai na tambaye ta ko ta ga hoton da ake magana. Ta ce, "Ban gani ba, mu wayarmu ta tocila ce. An so a nuna mini a kasuwa na ƙi, mi zan kalla cikin abin da aka zage ni da shi? Amma Arɗo ya ce ranar dole in duba, ko zan gane inda aka ɗauka." Sannan ta ce, "Ni dai ƙwaryar nike tunani. Hannun uwata na jikinta."

Jama'a, kun gane halin da nake ciki? Ranar da aka ɗora mata wayar nan a hannu, kallo ɗaya za ta yi. Za ta ga tabarmata mai jan baki da ta zauna a kai shekara da shekaru. Za ta tuna da bakinta ta ce in ɗauki ƙwaryar. Kuma ni ina tsaye a gefenta, na gama rantsuwa cewa ni mai ƙaunarta ce. Ko ta faɗa a gaban mutane, ko ta dube ni kawai ta yi shiru, kuma wallahi shirun na fi tsoro.

Na yi tunanin in kwanta ciwon ƙarya ranar, amma hoton ba zai kwanta tare da ni ba, kuma na bar ta ita kaɗai ke nan karo na biyu. Na yi tunanin in hau kabu-kabu in je rugar in durƙusa in faɗa mata tun yanzu, amma ɗanta fa, wanda ya fasa goshin mutum a kan ƙwarya, me zai yi in ya ji? In suka koro shanun surukina suka ce amana ta ƙare, da wane ido zan dubi dangin mijina? Na yi tunanin in fara gaya wa maigidana, sai in tuna Allah ya isan da ya ja. In kuma na tashi a ƙofar maigari na ce ni ce, madarar a firigona ta lalace, za a wanke Inna, na sani, amma ni zan zama matar da ta kusa kashe ɗanta ta ɗora wa tsohuwa, kuma na tabbata a wurin akwai wanda zai ɗaga waya ya ɗauke ni, kafin in iso gida na kai Konni da Illela. In na yi shiru kuma, tsohuwar nan ta ci gaba da yawo da bokitin fenti ba mai saye, ranar lahira me zan ce? Na yi istigfari har harshena ya gaji, amma na san haƙƙin mutum ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe.

Nonon da ta ba ɗana yana nan a kwano, na kasa ba shi, na kasa zubarwa.

Don Allah malamai da iyaye mata da ke wannan shafi, ku ba ni amsa kafin ranar kasuwa. Wa zan fara gaya wa, Inna ko maigidana? In je rugar ni kaɗai, ko in jira in faɗa a gaban kowa? Ta ce in zo in tsaya kusa da ita, kuma na ce to. Me zan yi?