Na Yi wa Laminu Ƙaho Kafin Awon Jini

Zuwa ga yayana, Sarkin Aska Mamman, wanda ke kwance a maƙabartar Ollelewa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ƙane ke yi wa wansa, ina fata Allah Ya yalwata maka makwanci. Ka san ni da alƙalami ba mu taɓa haɗa hanya ba. Malam Abdu maƙwabcina ke rubutawa, na ce masa kada ya gyara mini magana ko ɗaya.

Yaya, ɗanka Laminu ba shi da lafiya. Tun bayan girbi idonsa ya yi rawaya, jiki ya ɗau ƙaiƙayi. Muka ce shawara ce, muka yi ta jiƙe-jiƙe. Daga asibitin Tanut aka tura shi Damagaram, daga can sai Yamai. Suka ce ciwon daji ne ya toshe hanyar da ruwan maɗaciya ke bi ya fita daga hanta, sai an yi aiki. Suka ba shi rana, suka ce zuwa can za su fara auna jininsa.

Da ya dawo gida jiran ranar, na ji zancen awon jini, sai na ɗauko zabira. Jini dai? Shekara nawa ina kallon jini a ƙaho. Kai ka zaunar da ni ƙarƙashin aduwar kasuwar Belbeji, ka kife ƙaho a ƙasa, ka ce, "Dubi launinsa, Ilu. In ya yi baƙi ya dunƙule, mataccen ne, ka raba shi da mai shi." Na ce bari in cire wa yaron nan mataccen, ya je gaban lokotoron asibiti da jini mai tsabta.

Matarsa Hadiza ta roƙe ni in bari. Na ce da hannun nan na yi masa kaciya, ba ita za ta koya mini jikinsa ba. Shi kuwa ya tuɓe riga ya ba ni baya. Ƙaho shida na kafa.

Jinin bai tsaya ba, Yaya. Tsagar da kan bushe kafin mutum ya kai gida ta wuni tana tsiyaya. Ban taɓa ganin haka ba. Bayan kwana uku wurare biyu suka kumbura, suka yi ruwa.

Na bi su Yamai. Lokotoron mace ce, ta zaunar da mu ta yi bayani da Hausa. Ta ce akwai alamar kumburi da jini ke nunawa, wadda ido ba ya gani. In ta yi yawa a mai irin wannan ciwo, sau da yawa ko an yi aikin ciwon kan dawo da wuri. Ta Laminu ta hau sosai. Amma ta ce ba ta san abin da ya tada ita ba, dajin ne ko gyambon da ke bayansa. Ta tambayi wanda ya yi masa tsagar. Ɗanka ya sunkuyar da kai ya ce wani wanzami ne a kasuwa. Ina zaune gefensa, ban ƙaryata shi ba.

An ɗaga aikin. Suna wanke gyambon, suna yi masa allura. Ranar Alhamis za su sake awo. In alamar ta sauka, askata ce ta tada ita, za a yi aikin da kyakkyawan zato. In ta tsaya inda take, to ciwon ne, kuma na ci masa kwanakin da ba shi da su.

Tsoro nake ji, Yaya. Ranar da za ka cika ka kama hannuna ka ɗora a kan Laminu. Ka san ni, ko gabanka ban taɓa yarda na yi kuskure ba. Yau ga ni a kan buzu, sallah biyar, abu guda nake roƙo.

Ya Allah, Ka sa laifina ne. Ka sa hannun Ilu ne ya ɓata jinin nan, ba ciwon ba. Ka tashi kafaɗar Laminu, Ka jiƙan mahaifinsa, amin.

Naka, ƙanenka mai taurin kai,
Ilu Wanzami