Hannu Na Ɗaya

Yaya Mansur,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, kamar yadda aka koya mana buɗe wasiƙa a firamare, sai na tsaya, don ban san yadda ake tambayar lafiyar wanda ke kwance a maƙabarta ba. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana raye ma ai sai ka bar saƙona a waya har ya tsufa kafin ka buɗe. Amma akwai abin da ya faru a gidan nan, kuma duk Kurfi babu wanda zai gane shi sai kai, shi ya sa na zauna.

Bari in fara da ƙananan labarai. Ruwan bana ya yi kyau, geron da ka ce ba zai yi ba a gonar bayan gari ya yi, har ya ba ka kunya. Jar akuyar Inna ta haihu. Rumfarka ta gyaran waya a Dutsin-Ma an ba wani haya, ya sake mata fenti shuɗi, ni kuwa idan na shiga garin sai in bi ta wani layin don kada in gan ta. Har yanzu akan samu wanda zai yi sallama a ƙofar gida da fasasshiyar waya, ya ce an ce mashi a nan mai gyara yake. Ni ke fita in faɗa masu. Ban saba ba har yau.

Maganar gem ɗinka ce, na'urar wasan nan ta talabijin, ta sa na rubuto.

Ka tuna ranar da ka zo da shi daga Dutsin-Ma, ka ɗauro kwalin a bayan babur kamar ka ɗauko amarya? Kowa a gari ƙwallo yake bugawa a gem, kai sai ka kwaso na faɗa, wanda aka yi daga katun ɗin Japan ɗin nan da kake kallo a waya duk lokacin da sikila ta kwantar da kai a asibiti. Na yi maka dariya ranar. Na ce ƙato da kai, da gemu, kana kallon zane. Sai ka miƙo mani abin dannawar nan da kuke kira hannu, ka ce in zauna. Ban tashi ba sai da aka kira magariba.

Ban taɓa yarda a gabanka ba, don kada kanka ya kumbura, amma gem ɗin nan ya haɗu, Yaya. Wallahi ya haɗu. Mutanen cikinshi kamar yanzu mai zane ya ɗaga alƙalami daga kansu, ga gashi a tsaitsaye, ga ido kamar faranti, amma idan aka doki mutum sai ka ji a haƙarƙarinka. Kana dannawa duka na fita, babu jira, don haka wanda aka kayar ba ya da bakin cewa na'ura ce ta cuce shi. Kowane ɗan faɗa sai ya yi kirari da yarensu kafin ya saki babban dukanshi, kamar 'yan dambe a fili, mu da ba mu jin ko kalma ɗaya muka haddace har muna maimaitawa a tsakar gida. Abin da na tsana kawai surutun da suke yi kafin a fara. Mutum biyu za su yi faɗa, sai sun tsaya sun ba juna tarihin kakanninsu? Ni in danna in wuce, kai ka riƙe mani hannu, wai sai na san wannan malamin wancan ne, kuma sun taɓa cin abinci a kwano ɗaya. Kai, ka sha cika ni da bayani.

Ni kullum ƙaton nan nake ɗauka, wanda muka sa wa suna Basamude, don duka ɗaya ya isa ya raba mutum da rabin ƙarfinshi. Kai kuwa ba ka taɓa canza naka ba, siririn nan mai ɗaurin ƙyalle a damtse, Ɗan Tsurut. Ba ya da jiki, ana taɓa shi ya faɗi. Amma masu gem ɗin sun yi adalci, sun ba shi gudu, kuma idan layin ƙarfinshi ya kusa ƙarewa sai idonshi ya kama wuta, ya koma wani abu daban. A nan kake jira na. Ka bar ni in yi ta jibgarka ina murna, sai ka juye mani a ƙarshe. Sau nawa na yi jifa da hannu na ce na daina?

Na san abin da ya sa kake son shi, ko da ba ka taɓa faɗa ba. Tun kana yaro lallaɓa ka ake yi. Kada Mansur ya shiga ruwan sama, kada ya buga ƙwallo, kada a yi kokawa da shi, a karɓar mashi bokiti. Ko faɗa ka ja, sai a kalle ka a ce a bar shi, ba ya da lafiya, kuma na sha ganin yadda wannan ke ƙona ka fiye da ciwon. A gaban talabijin ɗin nan ne kaɗai babu mai tausaya maka. Ka kafa doka biyu: ba a sassauta wa kowa, kuma wanda ya ci shi ke riƙe hannu na ɗaya. Ina so ka sani ban taɓa sassauta maka ba, ko ranakun da idonka ya yi rawaya kana jingine da filo. Da gaske nake neman kayar da kai, da gaske kake ci na. Hannu na ɗaya bai taɓa barin wurinka ba, har robar madannin ta lotsa daidai babban yatsanka. Ina alfahari da kai a kan haka, ban dai faɗa maka ba.

Inna kuwa ka san yadda ta ɗauki abin. Aljanun Japan take ce masu. In ta ji ihu daga ɗakinka sai ta tsaya a tsakar gida ta yi ta faɗa da ni, wai in je in ce wa mai ɗakin waje ya rage ƙara. Mai ɗakin waje, ko yayanku, ko wancan. Kai ne ɗan fari, kuma Inna kunyar ɗan fari ta gada tun daga ruga, ba ta taɓa kama sunanka ba tunda ta haife ka. Ba ta zama inda kake zaune. In ciwo ya tashi, ni ce a bakin gado, ita tana waje a kan tabarma tana jan carbi, sai dai ta aiko da kunu ta ce a ba shi.

Ranar da aka dawo da kai daga asibitin Dutsin-Ma a cikin mota, mata suka cika gida da kuka, Inna ba ta zubar da hawaye ko ɗigo ba. Tana zaune tana amsa gaisuwa, tana cewa sai haƙuri, kamar ɗan maƙwabta ne ya rasu. Tsofaffi suna ta yabonta. Ni kuwa haushi ya cika ni, Yaya. Na ce a raina wace irin kunya ce wannan da ko mutuwa ba ta karya ta? Na yi kwanaki ba na iya haɗa ido da ita.

Ɗakinka na koma. Ka tuna sashen nan na gem ɗin da ke koyon hannun mutum? Wanda ke lura da yadda kake kai duka da yadda kake kaucewa, ya ƙera ɗan faɗa mai yin irin naka sak, kai kake kiranshi inuwa? Wata rana da la'asar aka kawo wuta, na kunna, na ɗauki hannu na biyu, na zaɓi inuwarka. Innalillahi. Ɗan Tsurut ya fito, ya yi tsalle baya, ya tsuguna a lungu yana jira na, irin tsugunon nan naka mai ban haushi. Ya bar ni na jibge shi, ya juye mani a ƙarshe. Na zauna ina kuka ina zaginshi. Tun daga ranar kullum aka kawo wuta ina can, kuma ban ci shi ba ko sau ɗaya.

Sai dai kai da kanka ka taɓa gaya mani cewa inuwar ba ta daina koyo. Hannu na ɗaya yana haɗe da sunanka, ni ban san yadda ake raba su ba, kuma duk wanda ya yi wasa da shi, inuwar za ta ɗauki salonshi ta fara mance naka. Don haka na naɗe hannun a cikin hularka, na hana kowa taɓawa. Abokanka sun zo, na ce ya lalace. Abin da ya rage mani na motsinka ke nan a duniya, to wa zan ba ya goge?

Da aka yi sadakar arba'in, Baffa Malam ya zo daga Rawayau don a raba abin da ka bari. Aka fito da komai tsakar gida, babur, kayan gyara, tufafi, har da gem ɗin. Baffa ya kalle shi kamar ya ga mushe, amma ya ce dukiya ce, dole ta shiga rabo. Ni na riga na shirya bakina, zan ce a sa mani shi a kasona ko da shi kaɗai zan samu. Sai Baffa ya fara tambayar Inna, a matsayinta na uwa, ko akwai abin da take so a sa mata. Daga bakin ƙofarta, ba tare da ta ɗago kai ba, ta ce a ba ta akwatin aljanun.

Na ce shi ke nan, ƙonawa za ta yi, ko ta bayar sadaka a kai shi inda yara za su dagargaza shi. Na bi ta ɗaki na roƙe ta, na ce ta ɗauki duk nawa ta bar mani wannan. Ko kallona ba ta yi ba. Ta sa na ɗora shi a kan kabad ɗinta kusa da jeren kwanoninta, ta rufe da sabon zane. Haka ya zauna. Ina shiga gaishe ta da safe ina satar kallonshi, ina jin kamar an sake binne ka.

Ran nan, ranar kasuwa, gida ya yi tsit, aka kawo wuta bayan azahar. Sai ta kira ni, ta ce in ɗauko talabijin ɗinka in haɗa mata abin. Ta ce gidan ya yi shiru da yawa. Na haɗa, na ɗauka ihun kawai take son ji. Sai na ga ta warware hularka, ta fito da hannu na ɗaya, ta juya shi, ta sa babban yatsanta a daidai inda naka ya lotsa. Ta ce in nuna mata wanda mai ɗakin waje yake ɗauka.

Yaya, bakina ya buɗe zan ce mata a'a. Zan yi mata bayanin inuwa, in ce ta karɓi nawa. To ta yaya zan ce wa wadda ta haife ka kada ta taɓa inda hannunka ya taɓa? Na zaɓar mata Ɗan Tsurut, na ɗauki Basamude.

Ba ta iya komai ba, ka sani. Madanni ɗaya ta kama tana ta latsawa, tana karkata jikinta duka kamar mai tuƙin tuwo. Ni kuma dokarka ta riga ta shiga jinina, na shiga dukanta babu sassauci, wataƙila har da sauran haushin da nake ji. Ɗan Tsurut ya faɗi, ya tashi, na sake maka shi da ƙasa. Layin ƙarfinshi ya zo ƙarshe, yana kwance. Sai na ji Inna ta matsa gaba a kan tabarma, ta ce ka tashi. Da sunanka ta faɗa, Yaya. Ta ce Mansur ka tashi, ta sake faɗa da ƙarfi, ta kuma sakewa, muryarta ta karye.

Ban san lokacin da hannu ya suɓuce mani ba. Basamude ya tsaya kamar gunki, Ɗan Tsurut ya miƙe idonshi na wuta, Inna tana latsawa tana kuka, kukan da ta riƙe tun ranar da aka fara kwantar da kai kana jariri. Ta yi ta dukana har aka rubuta ta ci. Ba ta ma san ta ci ba. Na rungume ta, muka yi ta yi mu biyu, waƙar gem ɗin tana ta maimaita kanta. Da ka ji sunanka a bakinta, ya za ka yi? Na tabbata sunkuyar da kai za ka yi kana sosa ƙeya.

Yanzu kusan kullum sai ta kira ni in an kawo wuta, bayan ta tura ƙyaure don kada a shigo a gan ta. Sunan bai sake fitowa ba, ta koma cewa yayanku. Inuwarka kuwa ta lalace, kamar yadda na ji tsoro. Na gwada ta jiya. Gaba kawai take tahowa tana kai naushi ɗaya irin na Inna, har na kusa yin dariya. Can sai ta yi tsalle baya ta tsuguna a lungu, na ce ga ka nan. Nan gaba kaɗan na san wannan ma zai tafi, kuma abin yana mani ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Amma a raye ban taɓa ganin ku zaune wuri ɗaya ba, kai da ita, sai a cikin ɗan siririn nan.

Ka yafe mani, na karya dokarka ta farko sau ɗaya, ba da gangan ba. Ta biyun tana nan daram. Inna ce ta ci, don haka hannu na ɗaya yana wurinta, a cikin hularka, ƙarƙashin filonta.

Allah ya jiƙan ka, ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara, ya ba ka jikin da ba ya ciwo. Sai mun zo.

Ƙanwarka Rukayya,
mai hannu na biyu har yanzu.