Nauyin Littattafan Baba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya zaman daji? Tunda madatsar ruwan taku ta ƙi jinin sabis ɗin waya, ga ni na koma biro da takarda kamar 'yar firamare. Direban kamfaninku ya ce duk shigowar da zai yi gari zai riƙa biyowa ta gida.

Umma da sauƙi. Ɓarin jikin da ya shanye dai har yanzu bai motsa ba, amma tana cin abinci, tana kuma yi mini faɗa, ka ga kuwa sai godiya.

Babban labari shi ne Baba ya yi baƙi. Tsohon ofishinsu za su tashi, suka ce za su zubar da kayan ɗakin karatunsu, wai yanzu komai yana cikin kwamfuta. Baba na jin haka, ko karyawa bai yi ba ya fice. Sai ga mota shaƙe da kwalaye: littattafan lissafin kankare da na ƙarfe, kowanne kamar bulo, ga mujallun injiniyoyi, ga takardun bincike ɗaure da igiya tun na kafin a haife mu. Duk aka hau da su tsohon ɗakinka, saman ɗakin Umma. Rabon da in ga Baba yana dariya haka tun kafin ya yi ritaya.

Sai wani ɗan abu. Ƙofar ɗakin Umma ta fara cijewa, sai na sa kafaɗa take buɗewa. Kuma kullum da safe ina kakkaɓe wani farin gari a kan bargonta. Na ce ko gara ce, Baba ya ce in daina shirme, gara ba ta cin siminti.

Umma na gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci. Ka huta lafiya.

Taka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin labarin Umma, Allah ya ƙara sauƙi. Sauran labarin ban ji daɗinsa ba.

Ki duba mini abu uku, kada ki tambayi Baba, ki duba da idonki. A ina aka jera kantocin littattafan, jikin bango ko tsakiyar ɗaki? Akwai tsaga a rufin ɗakin Umma? Sannan ki ajiye wani abu mai gangarawa a ƙasan ɗakin saman, ki ga inda zai nufa.

Ki ba direba amsa kafin ya juyo. Ban da surutu, don Allah.

Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ban da surutu, ka ce, to ga shi a taƙaice, ko da yake ka san halina.

Kantocin suna tsakiyar ɗaki, layi-layi, sun kusa taɓa sama. Da a jikin bango suke, sai Baba ya ga bangon yana danshi tun da ruwa ya sauka, ya ce ba zai zuba ido takardun da babu irinsu su ruɓe ba. Ya kira kafinta aka janyo su tsakiya, aka ƙara wasu.

Tsaga akwai. Ta fara daga inda fanka take rataye, ta miƙe ta yi wajen ƙofa. Da siririya ce kamar zare, yanzu farcena yana shiga. Na ajiye batirin tocila a bakin ƙofar ɗakin saman, wallahi Yaya kamar kiran sa aka yi, ya gangara ya shige ƙarƙashin kantar tsakiya.

Na kasa haƙuri na nuna wa Baba. Bai yi faɗa ba. Ya ɗaure zare daga bango zuwa bango, ya auna, ya daɗe yana kallo. Ya ce tsohon kankare dama yakan ɗan saki jiki, an yi bincike a kai sosai, zai nuna mini. Ka san abin da ya yi? Gidan wani marigayi abokin aikinsa ya je, ya roƙi matar ta ba shi takardun mijinta a kan wannan magana. Da yamma sai ga wasu kwalayen, aka hau da su. Duk tambayar da na yi masa, amsarta wani kwali ne.

Umma ce ta fi ba ni tsoro. Ita ke kwance tana kallon rufin wuni guda. Jiya ina ba ta magani ta ce, "Auta, rufin nan matsowa yake yi." Ta ce da tsakar rana in gida ya yi tsit tana jin sa yana ƙas, ƙas. Na ce bari in mayar da ita ɗakina, ta ce ba za ta kunyata Baba ba, shi ya gina mata ɗakin.

Ka yi masa magana. Ni Auta ce, kai ne injiniya.

Taka,
Auta

*

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ina neman afuwa a kan abin da zan faɗa.

Baba, kai ka zaunar da ni ka buɗe mini littafin nan mai koren bango, ka nuna mini cewa nauyin da ake lissafa wa ɗakin kwana daban, na ma'ajiyar littattafai daban, kuma na biyun ya ninka na farkon. Kai ka ce mini takarda itace ce da aka danne. Kankaren da ke saman Umma don gado da sif ka zana shi, kuma yanzu kayan suna tsakiya, inda ya fi rauni. Bangon da ƙofarta take jiki ba don ɗaukar kaya aka yi shi ba, cijewar ƙofar na nufin ya fara ɗauka.

Ina roƙon ka a fitar da Umma yau. A tokare rufin daga ƙasa, sannan a sauke littattafan, a fara da na tsakiya, mutum ɗaya kawai a sama. Babu wanda ya ce a zubar da ko ɗaya. Na nemi izinin tahowa, ina jiran wanda zai karɓe ni.

Ɗanka mai biyayya

*

Zuwa ga Ƙaramin Injiniya,

Bayan gaisuwa. Takardarka ta iso, na karanta, na kuma gode da darasi.

Littafin da kake magana yana hannuna. Alƙaluman da ke cikinsa an yi su ne don wanda bai ga aikin da idonsa ba. Ni na tsaya aka ɗaura rodin nan, na ƙara a kan abin da lissafi ya nema, ni na duba kwaɓin. Ina da takardun bincike da suka nuna irin wannan kankare yana ɗaukar fiye da abin da ake zato. Akwai guda da nake nema har yanzu, na tabbata tana cikin kwalayen.

Ka san al'adata. Duk ginin da na yi, ranar da za a cire katakon tokara ni nake fara shiga ƙarƙashi in tsaya, kafin in bar leburan kowa ya shiga. Ban taɓa mayar da tokara ƙarƙashin aikina ba, ba kuma zan fara a gidana ba, maƙwabta suna kallo.

Mahaifiyarku na sa an mayar da ita ɗakin Auta, don hankalinku ya kwanta. Ni na koma ɗakin nata da kujerata da teburina. In ka zo, a nan za ka same ni.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka

*

Yaya,

Sallama. Direba na tsaye a ƙofar gida, mota a kunne.

Umma lafiya, tana ɗakina. Baba yana cikin ɗakin Umma, ƙofar ta ƙi buɗewa tun safe. Na kira maƙwabta, suka kawo guduma za su ɓalle ta. Sai ya leƙo ta taga, tsakanin ƙarafan, kansa fari fat da garin siminti. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kada wanda ya taɓa ƙofar nan. Ita ke riƙe da rufin yanzu."

An tafi kiran mai walda ya yanke ƙarfen tagar. Baba ya ce a yanka a hankali, kada a buga komai, kada kowa ya hau sama. Ya sa kowa ya ja baya, ni ma ya kore ni, na ƙi tafiya. Ya miƙo mini littafin nan mai koren bango ta taga, ya ce in ba ka.

Daga inda nake tsaye ina jin ƙarar da Umma take faɗa.

Ka taho, Yaya, kada ka jira izini.

Auta