Yaya Zuleha Ta Samu 'Ya'ya

Bulpiela, Tamale

Zuwa ga jikana, angona Nasrullah,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da aikinka a Takoradi. Allah ya tsare min kai daga ruwan tekun nan. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ke rigima da ni. Babanka Abukari ya gama girbin masara. Kai kuwa miji ne marar kirki, ko zane ba ka aiko wa amaryarka ba, amma na yafe saboda daɗin labarin da zan ba ka.

Ka san yayata Zuleha, ungozomar unguwarmu, wadda ta san ganye da saiwar wankan jego da yadda ake murza jariri da man kaɗe. To, wata ƙungiya mai tallafa wa masu ilimin gargajiya ta zaɓe ta. Malam Imoru na unguwar Gurugu ne ya kai sunanta. Za su ɗauki nauyinta shekara guda, ita kuma ta koyar da 'yan mata, malaman asibiti su ma su riƙa zama da ita. Ranar da 'yan ƙungiyar suka zo, har masu yalo-yalo, kekunan hayar nan masu ƙafa uku, sun tsaya kallo. Ni kuwa na ɗaura kallabin Sallah, kai ka ce ni aka zaɓa.

Sai Yaya ta ce a'a. Wai ta yi wa mahaifiyarmu alkawari ba za ta ba kowa wannan sani ba sai 'yarta, ga shi 'yarta ɗaya ce, tana Akara tana sayar da atamfa, ko warin ganye ba ta so. Mutanen suka tafi jiki a sanyaye. Raina ya ɓaci, don idon Yaya ya fara rauni, kuma in ta tafi da sanin nan kabari, shi ke nan an rufe rijiya da ruwanta.

Ban yi mata gardama ba, kowa ya san taurin kanta. Washegari na zagaya gida-gida, na ce duk yarinyar da Yaya ta yanke wa cibiya ta ɗauki goro ta zo gaisuwa. Suka cika tsakar gida, Hausawa da Dagomba. Suhuyini, 'yar mai sayar da wasawasa na garin doya, ita ta fara durƙusawa. Na tambayi Yaya, a al'adarmu me yaro ke kiran wadda ta yi masa wankan farko, in ba uwa ba? Ta harare ni, ta ce, "Lariba, tun kina ƙarama ke munafuka ce." Sannan ta miƙa hannu ta karɓi goron.

Yanzu kullum da hantsi tana zaune a gindin darbejiya, 'ya'yanta kewaye da ita, tana sa su sansana saiwa ido a rufe. Har tsawa take musu, alamar lafiya ta samu.

Babanka da Mma Ashetu da Maltiti suna gaishe ka. Ka gaida maigidanka Abdul-Mumuni. Yaya ta ce in tuna maka ita ta wanke ka, kuma tana jiran ɗanka tun hannunta na da ƙarfi. Na ba ka izini, ka ƙaro aure.

Taka har kullum,
Kakarka Lariba